Ɗakin da Inna ta hana ni shiga

Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Inna ta rasu a ɗakinta a Talata Mafara, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kowa da ranarsa. Ni ce 'yarta ta fari, ina aure a Maradun, kuma ban iso gidan ba sai da aka gama yi mata wanka aka sa ta a likkafani. Na ga fuskarta kafin maza su ɗauka. Da na tambayi wadda ta yi wankan, aka ce min matar Auta ce, wato matar ƙanena. Wai Inna da bakinta ta bar wasiyyar haka.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da Inna, don jikokinta su san irin matar da ta wuce. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kwana bakwai da muka yi muna zaman makoki, rabin hawayena na rashin uwa ne, rabin kuwa na kishi. An ce kishi kumallon mata ne. Ni nawa ba a kan miji ya taso ba, a kan uwar da ta haife ni ya taso.

Tabarmata ce a bakin ƙofar ɗakin Inna, inda ya dace 'yar fari ta zauna. Mata su shigo su cire takalma su durƙusa gabana, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan ta, shi sa ta huta." In ce amin. Sai su miƙe su wuce ni, su nufi gindin dalbejiya inda matar Auta take zaune da mayafi a ka, a can ne kukan yake ɓarkewa. Wata dattijuwa daga Ruwan Gizo ta rungume ta tana cewa, "Ke anka yi ma mutuwa, ɗiyar nan. Wa za shi riƙe ki yanzu?" Direban da yake kai wa Inna kaya Sakkwato ya tsaya a zaure yana share ido da hularsa, ya aiko a ce wa matar Auta yana mata gaisuwa. Ita kaɗai ya ambata. Wasu zawarawa uku da ban taɓa gani ba suka zo a jere, suka zauna kusa da ita har la'asar, suna ta hirar buhu da ruwa da leda, hirar da ban gane kanta ba.

Goggo, ƙanwar Babanmu, ita ta lura da fuskata. Ta matso ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke 'yar nan, saki fuska. Mutane na kallo."

Na ce, "Goggo, ko wanka ba ta yarda in yi mata ba."

"To mi? Kin taɓa ganin ɗiyar hwari ta yi ma uwa wanka a danginmu? Wadda ba ta iya hwaɗin sunanki tana raye, ita za ta bari ki ga jikinta?"

Na san gaskiya ta faɗa. Amma sani daban, zuciya daban.

Inna gajeriya ce, mai saurin tafiya, ba ta zama wuri ɗaya sai in salla ta zaunar da ita. 'Yar Bakura ce, aure ya kawo ta Mafara. Komai sai ta sansana kafin ta yarda da shi, ko gero ne, ko man gyaɗa, ko kan jariri. Tana da maganar da take yawan yi, "Hannu shi ka hwaɗin mutum, ba baki ba." In kin wanke kwano kin kawo, ba za ta duba ba, yatsa za ta goga a gindinsa. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. In ranta ya ɓaci da ke, sai ta juya ta gaya wa randa, ko akuya, ko duk wanda ke kusa, ke kuma ki tsinci rabonki a ciki.

Ni kuwa duk rayuwata a haka na tsinci nawa, ko ranta bai ɓaci ba. Inna tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ana yaye ni aka kai ni Bakura wurin Kaka, ban dawo ba sai da na isa ɗaukar tulu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yarinya ni ce "waccan." Da na yi aure na koma "mutanen Maradun." In na yi sallama ta ji muryata, sai ta tambayi wanda ke tsakar gida, "Mutanen Maradun sun iso? A ba su ruwa." Ba ta miƙo min abu hannu da hannu, sai ta ajiye ta ce wa wani ya ba ni. Na taso na tarar da wannan, ban taɓa ganin aibunsa ba, don haka uwar kowace ƙawata 'yar fari take. Da a haka muka tafi har ƙarshe, da ban rubuta rabin abin da nake rubutawa ba.

Bayan rasuwar Baba ne sana'ar ta samo asali. Gonar rani ta koma hannun Auta, Inna kuma ta ce ba za ta zauna tana jiran a ɗebo mata daga aljihu ba. Aka yi wani taron koya wa mata sana'a a cikin gari, malaman gona suka nuna yadda ake noman naman kaza a ɗaki. Wannan tsiron da muke kira laimar kwaɗi, amma irin da ake ci, fari mai faɗi kamar kunne. Yawancin matan sun je ne don shinkafar da aka raba. Inna ta dawo da kwalba ɗaya cike da dawa da ta yi farin gashi, ta ce iri ne. Ta ce tun tana yarinya a Bakura kakarta ke tsinko irinsa a gindin suri da damina, ta sa a miyar yakuwa, don haka ita ba baƙon abu aka nuna mata ba.

An yi mata dariya, har da ni. Goggo ta ce tsufa ne ya zo mata ta ka. Maƙwabta suka sa mata suna, Mai Laima. Yara in sun wuce ƙofar gida su yi kukan kwaɗo. Inna ta gaya wa akuyarta cewa, "Wanda yai dariyar shuka shi ka zuwa roƙon iri."

Tsohon ɗakin ajiyar Baba ta share, na can ƙuryar gida da inuwar dalbejiya ke rufewa. Ta zuba yashin gulbi a ƙasa, ta rataya buhunan algarara a bango da taga, ta kafa randa a kusurwa. Karan shinkafa da manoman rani ke ƙonewa shi ta sa Auta ya riƙa kwaso mata. A daddatse shi, a jiƙa, a turara a cikin durom har tururi ya ratsa shi, a baza ya huce. Sai ta damƙi ɗan kaɗan ta matse. In ruwa ya ɗiga bai yi ba, in hannu ya fito a bushe ma bai yi ba. Daga nan a cusa a leda, kara sannan iri, kara sannan iri, a ɗaure baki a jera a kan katako cikin duhu. Bayan mako uku ledar ta yi fari fat, a tsaga mata 'yan ƙofofi da reza, a riƙa yayyafa wa buhu da yashi ruwa safe da rana da yamma. Kwana kaɗan sai ki ga 'yan kawuna sun leƙo.

Shekarar farko ta sha kashi. Ledoji suka riƙa yin kore, tana kwasa tana binnewa a bayan gari. Zafin bazara ya dafa mata wani zubin gaba ɗaya, daga nan ta koyi rufe ɗakin wata biyu in zafi ya kai zafi. Ta gano cewa ƙazantar hannu ce ke kawo koren, sai ta kafa doka: ba mai shiga sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya bar takalmi a waje. Auta ya ce shiga ɗakin Inna ya fi shiga masallaci sharaɗi. A shekara ta biyu masu dafa abinci a Sakkwato da Gusau suka fara aiko saƙo. Ma'aikata 'yan kudu suka gano gidan. Sai kuma masu hawan jini da likita ya hana su jan nama. Wanda ya rage ta shanya ta daka, ta ƙulla a leda don miya. Da wannan ta yi wa ɗakinta rufin kwano, ta riƙa yanka ragonta na layya ba ta jira kowa ba. Masu kukan kwaɗon nan iyayensu mata suka fara shigowa da sallama mai tsawo.

Ba ta riƙe sana'ar a hannunta ita kaɗai ba. Zawarawan nan uku da na gani a makoki, daga baya na ji labarinsu. Kowace Inna ta ba ta leda biyar da aka riga aka cusa, ta bi ta har gida ta zaɓa mata kusurwa mai sanyi. Ɗayarsu ta ce min zubinta na farko duk ya lalace, ta ɓoye don kunya. Inna ta zo ta sansana ƙofa ta gane, washegari ta aiko da wasu biyar ɗin da guntun sabulu.

Ana cikin haka Auta ya auro yarinyar Ruwan Gizo. Siririya, mai shiru, in tana magana sai kin kasa kunne. Kowa ya san tsakanin suruka da matar ɗa akwai kunya, ba a haɗa ido, ba a cin abinci tare. Wata uku da tarewarta na zo gida na tarar da abin da ya tsaya min a rai har yau. Su biyu a bakin durom, ɗankwali a ɗaure, hannuwa dumu-dumu cikin kara, Inna tana dariya har ana ganin wushiryarta. Ni ban san Inna tana da irin wannan dariyar ba. Kuma na ji abin da ta kira ta.

"Ɗiyata, miƙo min kwalbar can."

Ta hango ni, dariyar ta ɗauke, ta gyara ɗankwali ta ce, "A'a, mutanen Maradun na? A ba su ruwa."

Kunyar suruka ta yar a bakin durom, tawa kuwa ta riƙe gam. Na riƙa lallashin kaina da cewa tsintacciyar mage ba ta mage, jini ai jini ne. Amma duk zuwan da zan yi sai na tarar sun ƙara shaƙuwa. Suna da maganganunsu da su kaɗai ke ganewa. Inna ta ce, "Na bayan randa sun yi kunne?" ita kuma ta ce, "Sai jibi, Inna, yau barci sukai." Su kwashe da dariya. Ni ina zaune a tabarma da kofin ruwana kamar baƙuwar da ta ɓata hanya.

Ni ma ina da sana'ata. Turaren wuta nake haɗawa da humra, kuma ba yabon kai ba, a Maradun amaryar da ba a sa mata turarena ba sai an yi gulmar danginta. To shekara shida da suka wuce na zo hutun babbar salla. Kwana biyu bayan salla aka yi rasuwa a Bakura, Inna da matar Auta suka tafi gaisuwa tun da safe, suka ce sai la'asar. Gida ya rage ni kaɗai. Na ce yau zan nuna wa Inna cewa ta haifi 'ya mai hannu.

Na share tsakar gida, na wanke ɗakin girki, sannan na tura ƙofar ɗakin naman kazan nan. Wani warin danshi ya buge ni. Ƙasa jiƙe, buhuna suna ɗiga, bango ya yi sanyi. Na ce haba, mutum ya bar abin da za a ci a cikin wannan ƙazanta? Na ciro buhunan duka na shanya su a rana. Na ja labule na toshe 'yar tagar. Na ɗebo garwashi a kasko, na buɗe jakata na zuba turarena mafi tsada, wanda nake ɓoye wa amaren manyan gida. Ban yi rowa ba. Na ja ƙofa na rufe don ƙamshin ya kama, kamar yadda kowace mace mai tsabta za ta yi wa ɗakin uwarta. Da azahar na ƙara wani garwashin.

Tun daga zaure Inna ta ja hanci. Ba ta ko cire mayafi ba ta wuce ƙuryar gida. Na bi bayanta ina murmushi, ina jiran abin da ban taɓa samu ba. Ta buɗe ƙofa hayaƙi ya fito. Ƙananan kawunan nan da suka leƙo duk sun yi rawaya sun lanƙwashe. Manyan da ake shirin tsinkewa washegari sun bushe a gefe, kuma ko an dafa su turare za a ci. Aikin wata guda na mutum biyu ke nan, ga masu saye suna jira.

Matar Auta ta dafe baki. Inna ta daɗe a tsaye. Sannan ta juya, ba wajena ba, wajen surukarta.

"Ɗiyata, ki hwaɗa ma mutanen Maradun, ɗakin ga ba ɗakin amarya na ba."

Ta shiga ɗakinta ta fito da kwaɗon ƙarfe, ta datse ƙofar, ta miƙa wa matar Auta makullin hannu da hannu. Ita kuma ta ƙulle shi a bakin zaninta. A nan ne na yi abin da 'yar fari ba ta yi. Na tsaya gaban Inna na dube ta ido cikin ido.

"Inna, ni ce 'yarki ko ita?"

Ta sunkuyar da kai, ta ɗauki buta ta ce la'asar na wucewa. Ban kwana a gidan ba. Ko tuwon da matar Auta ta biyo ni da shi har zaure ban karɓa ba.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki wani direban motar Mafara ya yi sallama a ƙofar gidana a Maradun. Ya miƙo ɗan kwando da ƙunshin farin ƙyalle mai danshi, ya ce, "Saƙo daga matar ƙanenki." Na kwance. Naman kaza ne, manya, farare tas, ko tabo babu. Raina ya ɓaci. Na ce wato yarinyar nan nuna min take yi: ga abin da kika ɓata mun gyara, ga abin da hannuna ya iya. Na ƙulle shi yadda yake na miƙa wa maƙwabciyata ta katanga, wata ma'aikaciyar jinya da ta san daɗinsa.

Daga ranar, duk zubin da aka yi sai ƙunshin ya zo. Mijina ya ce, "Ki ɗanɗana mana, ko don zumunci." Na ce shi ya ɗanɗana in yana so. Matar Auta ta kira ni a waya bayan saƙo na biyu ko na uku.

"Yaya, saƙo ya iso?"

"Ya iso."

"Kin ci?"

"Ni ba na cin laimar kwaɗi."

Ta ce a gaida yara. Ba ta sake tambayata ko na ci ba, sai dai ko ya iso. Shekara shida maƙwabciyata tana cin miya mai daɗi tana sa wa matar Auta albarka.

Ba wai na yanke zuwa gida ba ne. Ina zuwa salla da suna da duba marar lafiya, duk da hanya ba kullum take da tabbas ba. Ana ba ni ruwa, ana ba ni tuwo, ina gaida Inna tana amsawa tana duban gefe. Amma ko inuwar dalbejiyar nan ban ƙara takawa ba. Da ciwon ƙarshe ya kama ta na zo na kwana uku. Matar Auta ce ke ɗaga ta, ita ke ba ta kunu a cokali. Na karɓi cokalin sau ɗaya, Inna ta rufe baki ta juya fuska bango, ta ce ta ƙoshi. Na koma Maradun ran Litinin da niyyar in dawo ran Alhamis.

Ranar sadakar bakwai, bayan an raba waina mutane sun ragu, matar Auta ta zo ta durƙusa a gefen tabarmata. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta kwance bakin zaninta ta ciro makullin.

"Yaya, zo ki ga wani abu."

Na ce, "Ai ni an hana ni. Kuma ga turare a jikina."

"Ki aje mayahin, ga sabulu can."

Na wanke hannu har gwiwa, na bar takalmi a waje, na shiga ɗakin da rabona da shi shekara shida. Sanyi, duhu, warin danshin nan da a yanzu na gane warin Inna ne, shi nake ji a zaninta duk lokacin da ta gifta. Ledoji a jere, sun yi fari, kunnuwa sun fito gungu-gungu. Matar Auta ta ce wannan ne zubin ƙarshe da Inna ta cusa da hannunta, mako guda kafin ta kwanta. Duk kwanakin makokin nan tana zamewa sau uku a rana ta yayyafa musu ruwa.

Ta kai ni bayan randa, inda ya fi ko'ina sanyi. Leda huɗu ne a wurin, kowace an ɗaure bakinta da ƙyallen wani tsohon zani. Na gane zanin. Nawa ne, na 'yanmatanci, wanda na bari a gida da zan tare.

"Wanga layi naki na, Yaya."

Ban gane ba.

"Tun bayan turaren nan. Duk zubi sai ta ware huɗu nan. Ba ta bari in taɓa su. Ita ka tsinke na hwarko da hannunta, ta zaɓi manya, ta naɗe, tac ce in kai tasha in ce ni na aiko."

"Ke ba ke kike aikowa ba?"

"Ni? Yaya, ina ni ina aika miki abu bayan abin da yaf faru? Tsoronki nika ji."

Na zauna a kan yashin nan mai danshi. Ni da na taso Inna ba ta taɓa miƙo min ko allura hannu da hannu ba. Ni da na san ko ruwa za ta ba ni sai ta bi ta hannun wani. Yaron goye ma da ya gane saƙon wa ne. Kishi ya rufe min ido na kasa gane hannun uwata a ƙullin ƙyalle.

Na ce, "Tana tambaya?"

"Kullum. In direba ya dawo sai ta ce, mutanen Maradun sun ci? Ni ko in ce sun ci, sun ce a gode."

"Ƙarya kika yi mata shekara shida?"

"Awo. Allah shi gafarta min. Mi kika so in ce mata?"

Na ɗan ji sanyi, na ce to aƙalla ta tafi ba ta sani ba. Matar Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da makulli.

"Ta sani, Yaya. Tun shekarar hwarko direba ya hwaɗa mata ya ga kina miƙa ma maƙwabciya ta katanga. Nic ce to a daina. Tac ce a'a, a ci gaba da kaiwa, wata rana yunwa za ta kama su. Kuma ba ta bar tambayata ba. Ta san ƙarya nikai, ni ma na san ta sani."

Na tsinke na bayan randa da hannuna, ita tana nuna min yadda ake murɗawa daga gindi. Na soya a tukunyar Inna da albasa da tarugu da 'yar daddawa. Na zauna a bakin murhu na ci. Yana da daɗi, wallahi yana da daɗi, da taushi kamar naman ɗan tsako. Goggo ta leƙo ta ce, "Yau kuma laimar kwaɗi aka ci?" Ta ga fuskata ta ja da baya.

Ba zan ce kishin ya tafi ba, don ƙarya a kan mamaci ba kyau. Makullin yana bakin zanin matar Auta, can ya dace da shi, ban nema ba. Ta ba ni kwalbar iri guda, na share wani ɗaki a bayan gidana inda turare ba ya kaiwa. Zubina na farko ya yi kore duka. Na kira ta, ta ce, "Yaya, hannu shi ka hwaɗin mutum," da muryar Inna sak, har da yadda take jan ƙarshen maganar. Na kashe wayar na yi ta huci. Ita ta samu dariyar, ita ta samu karin maganar, ita aka kira ɗiyata. Ni abin da aka ware min leda huɗu ne a bayan randa, su ma na miƙa ta katanga. Sai da na huce na sake kiranta na tambayi yadda ake matse karan.

Jiya da hantsi direban nan ya yi sallama a ƙofar gida, da ɗan kwando da farin ƙyalle. Ya ce, "Saƙo daga matar ƙanenki." Wannan karon gaskiya ya faɗa. Na karɓa na zauna a zaure na yi kukan da ban yi ba ranar Laraba.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya wa zawarawa da marayu. Ya saka wa yarinyar da ta riƙe ta, ya yafe mata ƙaryar da ni na ja mata. Wanda duk ya karanta wannan ya sa Inna a addu'a. In kuma ana isar wa mamaci da labarin na baya, ya Allah ka isar mata cewa mutanen Maradun sun ci.